Yunwar Hoto

Sabon littafi yana da ƙanshi, kuma duk wanda ya yi elementare a Tambuwal a shekarun farko na samun mulkin kai ya san ƙanshin nan, ko da yau in an tambaye shi bakwai sau takwas sai ya yi gyaran murya tukuna. Ƙanshin takarda ne da tawada da danƙon ɗauri, da ɗan warin kananzir na motar da ta kwaso kayan. A Zariya ake buga littattafan, su biyo ta hannun En'e a Sakkwato, su iso mana cikin akwatin katako da aka buga wa ƙusa. Mabuɗin kabad yana wurin hedimasta, ɗaure da igiyar fata. Ran da za a raba littafi sai an duba hannun kowa, ciki da baya, wanda ya karya kumallo da ƙosai ko ƙuliƙuli ya koma bakin randa ya cuɗa da toka. Mutum uku ke tarayya a littafi ɗaya. Na tsakiya shi ne sarki, tunda a gabansa ake buɗewa, na gefe kuwa wuyansu ya sha murɗa har a tashi.

Malam yana cewa a buɗe shafi kaza, mu kuwa yatsunmu sun riga sun tsere gaba suna neman inda hoto yake. Yaran yanzu ba za su gane wannan yunwa ba. A garin nan gaba ɗaya hotunan da yaro zai iya gani ba su fi a ƙirga ba: kan Sarauniya a jikin sule, Sardauna da rawaninsa a bangon shagon tela, zanen jikin gwangwanin madara, da 'yar takardar nan mai launi da ake liƙawa a bandir ɗin yadi. Wannan ta ƙarshe dukiya ce. Mukan tsaya gefen masu sayar da alawayyo a kasuwa muna jiran a ɓare sabon bandir, wanda ya samu ya shafa mata yawu ya miƙar da ita a cinya, ya adana a cikin jakar allo. Ana musayarta da goriba biyu, in mai zaki ce ko giwa har uku. Sai kuma majigi, in motar gwamnati ta zo ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna Baban Larai da gonarsa ta auduga. Washegari motar ta tafi da hotunanta, ta bar mu da gardamar abin da muka gani. Hoton littafi kuwa yana nan, gobe ma in an buɗe kabad za ka tarar bai motsa ba.

Da Ka Koyi Karatu muka fara. 'Yan zane-zanen cikinsa baƙi ne a kan fari, ba launi, amma su suka riƙa ceton mu. In harafi ya gagara sai ka saci kallon hoton da ke gefe, ka ga akuya, ka ce akuya da ƙarfi, malam ya ce madalla. Akwai wanda ya yi wata da watanni ana yaba masa karatu da wannan dabara, har ran da malam ya rufe hoton da tafin hannu.

Hutu kuwa a Kebbe nake yinsa, wurin dangin uwa. In aka ce Kebbe hancina ne ke fara tunawa: hayaƙin bandar kifi, daddawa da aka shanya a kan rufin rumbu, danshin fadama da almuru, da ƙaurin kara in an hura wutar tuwo. Da dare kwaɗi su ɗauka daga wajen ruwa, sauro ya amsa daga cikin ɗaki, can nesa kuma 'yan mata na gaɗa a dandali. A tsakiyar wannan duka akwai ƙarar da ta fi kowace ƙanƙanta, ta mazarin kakata. Tana zaune a tabarma ƙafafu a miƙe, sutun auduga a hannun hagu ta ɗaga shi sama, ta dangwali alli da yatsu biyu na dama, ta murza mazari ya yi ta juyi a cikin taskira, zare yana fitowa siriri daga cikin farin audugar, ba ya tsinkewa, ba ya yin kauri. In ya kai tsawon hannu ta naɗe, ta sake dangwalar alli. Ba ta kallon aikin. Idonta na kan tukunya, ko kan akuya mai shirin shiga madafa, ko kan mu. Kafin a kai ga mazari an riga an sha gurza, an fitar da angurya, an yi shiɓa da ɗan baka har audugar ta tashi ta yi laushi, ƙurarta ta cika gashin ido. Bayan mazari kuma akwai wadari, akwai masaƙa, akwai marina. Rigar sallar da na fara sani ta bi duk waɗannan hannuwa, kuma na san masu su da suna.

Tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami ba su da fuska a wurin kowa, kowane yaro shi ke zana nasa a cikin duhu. Dodona ni dai kamanninsa ɗaya da wani ɗan doka mai jan ido da ke rakiyar masu karɓar haraji, har jar dara. Ɗan'uwana ya ce nasa Dodon ba shi da kai sam, ciki ne kawai da haƙora. Mun taɓa dambe a kan wannan.

Kawuna malamin yaƙi da jahilci ne, yana da Magana Jari Ce nasa na kansa, wanda ya naɗe da takardar siminti. A wani hutu ya ba ni aro, bisa sharaɗin in wani abu ya same shi kada in sake gaishe shi. Na kwanta da shi rub da ciki a zaure tun hantsi, ina karanta kaɗan ina kallo da yawa: mutane da manyan riguna da rawuna, dawaki da kayan ado, fadawa, ga aku. Kakata ta leƙo.

"Kai angona, mi kaka nema cikin takardag ga tun safe? Ko abinci a ciki?"

Na nuna mata. Ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu, ta yi nisa da shi daga fuskarta, ta riƙa buɗewa a hankali da yawu a yatsa, raina yana tashi saboda sharaɗin kawu. Ta daɗe tana duban rigunan nan. Sannan ta mayar mini.

"Sun sha tuhwahi kam. To su waɗanga mutane, wa ka yi musu kaɗi?"

Na yi dariya, na ce Kaka labarin sarakuna ne. Ta ce sarakuna ma ba tsirara suke fitowa ba, ta koma wurin tukunyarta.

Mu a lokacin mun ɗauka akun nan yana nan da rai a Zariya, cikin keji, ana ba shi gyaɗa yana zuba labari wani yana rubutawa. Sai daga baya muka san mutumin da ke bayansa. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da Hukumar Talifi ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, ya shiga da Ruwan Bagaja. Dokta Rupert East, shugaban hukumar, ya ga hannu, ya nemi a ba shi aron malamin zuwa Zariya a 1936. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, yana ɗan shekara ashirin da biyar. Abin ya fi ba ni mamaki yanzu da na san abin da ɗan shekara ashirin da biyar ke iya yi da wata shida. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 shi aka ba editanta, ya rayu har 1981. Labaran kuwa daga ko'ina ya tsinto su, daga Alfu Laila, daga Indiya, daga tatsuniyoyin Jamus, ya tuɓe musu kayansu ya sa musu namu. Da a lokacin wani ya ce mana Kalalatu, wadda ta cinye kajin baƙo ta bar mijinta yana bin sa da wuƙa, asalinta Bajamushiya ce, da mun ce ƙarya yake. Mun san gidansu, bayan kasuwa yake.

Sunan Imam muka haddace. Wanda ya yi zanen kuwa ko a mafarki ba mu taɓa tambaya ba, mun ɗauka inji ne ke haifar hoto kamar yadda yake haifar harafi. Na girma kafin in ji cewa cikin waɗanda suka yi wa littattafan Zariya zane akwai wata mai zane 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, wadda ta zama matar Dokta East. Ashe rawunan da muka ƙura wa ido, wasunsu hannun baƙuwa ne ya naɗa su, kuma ta yi ƙoƙari.

Ba wai ba mu da masu hannu ba ne. A ajinmu akwai wani ɗan maƙera, siriri mai kunya, wanda lissafi bai taɓa shiga kansa ba, amma in ya ɗauki gawayi sai ka ja da baya. Ya zana jakin mai tallan gishiri a bangon zaurensu, duk wanda ya wuce ya san jakin wane ne, har yagaggen kunnen hagu da yadda yake sunkuyar da kai in an labta masa mangala. Ya zana hedimasta daga baya, ba fuska, ƙeya ce kawai da kunnuwa da karkacewar hula, amma ko ɗan aji ɗaya ya gane. Maganar ta kai kunnen malaminmu na allo. Bai dake shi ba. Ya kira shi gefe bayan an tashi karatun dare, ya gaya masa cewa mai zana abu mai rai za a ce masa ya busa masa rai ranar gobe. Yaron nan bai yi barci ba. Wani ya ba shi fatawar cewa in aka ja layi a wuyan hoto ya zama ba mai rai ba, sai ga shi da sassafe yana bin bango bango da gawayi. Kwana biyu unguwarmu ta cika da yankakkun jakuna da yankakkun zakaru, hedimasta ma bai tsira ba.

Abin da ya sa ba na jin haushin malamin shi ne, shi kansa gwanin zane ne, duk ƙasar ba wanda ya kai shi zayyanar allon sauka. Yana dafa tawadarsa da gawayi da ƙaro, yana da ja da ɗorawa da kore a 'yan ƙananan kwalabe, ya yi kwanaki a kan allo ɗaya yana jan layuka suna shiga juna suna fita ba tare da sun ɓace ba. Ya ce wa uban yaron, hannu ne Allah ya ba shi, sai dai a juya masa akala. Ya riƙa zaunar da shi kusa da shi yana nuna masa. Ɗan maƙera ya koyi zayyana ya iya, amma ko a gefen allon gwaji in ka duba da kyau za ka ga ɗan kunnen jaki. Daga aji huɗu ubansa ya cire shi, ana bukatar mai zuga a maƙera.

Ni na ci gaba, na shiga kwalejin horon malamai. A can wata malama Baturiya mai koya mana dabarun koyarwa take da kwali guda na littattafan yara, tana fito da su ɗaya ɗaya don ta nuna mana yadda ake riƙe littafi a gaban aji, fuskarsa wajen yara, ba wajen malam ba. A cikinsu na ga wani mai faɗi, kowane shafi hoto ne babba da launin ruwa mai taushi, rubutun Turanci layi biyu ko uku a ƙasa. An fassaro shi ne daga harshen Suwidin, sunansa da Hausa zai zama Sabbin Kayan Pelle. Wani yaro ne yake da ɗan rago. Ragon yana girma gashinsa na tsawo, yaron yana girma rigarsa na gajarta. Ya sausaye gashin ya kai wa kakarsa ta shiɓe masa, ta ce to, amma ya cire mata ciyawa a lambun karas. Ɗaya kakar ta kaɗa masa zare, shi kuma ya yi mata kiwon shanu. Ya je wurin mai fenti neman launi, mai fenti ya yi dariya ya ce abin rini ake nema ba fenti ba, ya aike shi kanti a kwalekwale, da canjin ya sayi shuɗi ya rina da kansa. Uwarsa ta saƙa, shi ya yi renon ƙanwarsa. Tela ya ɗinka, shi ya tara masa ciyawa ya shigo da itace ya ba dabbobi abinci. Ranar Lahadi ya sa sabbin kaya ya je ya gode wa rago. Labarin ke nan, ba sarki, ba aljani, ba wanda aka yi wa wayo. Na zauna a bayan aji ina juya shafukan nan, tambayar kakata ta faɗo mini. Ga littafin da ya san wa ke yin kaɗi, kuma daga ƙasar ƙanƙara ya fito. Lokacin kakata ta riga ta rasu.

Mace ɗaya ce ta rubuta kuma ta zana, sunanta Elsa Beskow. An haife ta a Sitokhom a 1874. Tana da shekara goma sha biyar ubanta ya rasu, uwar ta kwashe 'ya'ya suka koma zama da 'yan'uwanta mata da wani kawu, waɗanda ke da 'yar makaranta tasu. Waɗannan iyaye ne daga baya ta mayar da su Inna Kore da Inna Ruwan Ƙasa da Inna Shunayya da Kawu Shuɗi a jerin littattafan da ta fara a 1918. Ta koyi zane a makarantar fasaha, ta yi 'yan shekaru tana koyar da shi, a 1897 ta auri Natanael Beskow, malamin addini kuma shugaban makaranta. A shekarar ce littafinta na farko ya fito, labarin wata 'yar ƙaramar tsohuwa da kyanwarta da saniyarta, kuma daga bakin kakarta ta uwa ta ji shi tana yarinya. Wannan wurin ya fi burge ni. Abin da kowace kaka ke yi da dare shi ta ɗauka ta yi masa fuska.

Ta haifi 'ya'ya shida, duka maza, ɗaya ya rasu yana yaro. A gidansu na Djursholm, bayan birni, tsakanin girki da reno ta yi littattafai wajen arba'in, kuɗinsu yana taimaka wa cefanen gida. 'Ya'yanta su ne yaran da ke cikin hotunan, lambun gidanta da dajin da ke kusa su ne fagen labaran. Takan zana ganye da fure da 'ya'yan itatuwan daji daidai yadda suke, har yaro ya fita waje ya gane su, ko da ta zaunar da wani ɗan mitsitsin mutum a ƙarƙashinsu. Labarin Pelle ya fito a 1912. A 1935, shekara biyu kafin littafin farko na Magana Jari Ce, ta yi littafin koyon karatu na makarantu tare da wani malami, Herman Siegvald, wato nasu Ka Koyi Karatu. Ba ta ajiye alƙalami ba sai a 1952, ta rasu a 1953. Tun 1958 ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasarsu ke ba da lambar yabo da sunanta ga wanda ya fi iya zanen littafin yara. Daga baya wasu masana a can sun ce littattafanta tsohon yayi ne, iyaye mata kullum a gida, yara kullum masu ladabi. Wannan ƙorafin masu ƙoshi ne, mu da muna da irinta guda ɗaya da sai bayan shekara ɗari za mu fara neman aibinta.

Da malamar za ta koma ƙasarsu ta raba mana kwalin, na ce ni Pelle nake so. Shi na tafi da shi lokacin da aka buɗe makarantun UPE a 1976, aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Kebbe. Ajujuwa sabbi, kwano yana ƙara in rana ta take, yara sun cika har bakin taga, wasu da allo a hammata don daga makarantar malam aka kwaso su. Littafi kuwa sai addu'a. Ranar Alhamis bayan tara nakan buɗe musu Pelle, fuskarsa wajensu, ina ba da labarin da Hausa.

Shafin farko ya kusa tayar da aji. Tumakinmu, uda ne ko balami, gashinsu kwance yake, ba wanda ya taɓa jin an yi riga da shi. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wanga rago lahiya tai kuwa?" Amma da na buɗe inda kaka take zaune da gashi a cinya, ban ce komai ba 'yan mata suka ce shiɓa take. Keken kaɗi ya ɗaure musu kai, suka ce keke ne aka kifar, sai wata ta hango zaren ta ce a'a, mazarinsu ne, ragwaye ne ba su son murzawa da hannu. 'Ya'yan masunta kuwa kwalekwalen suka sa wa ido. Sun kasa yarda mai hankali zai zauna ya ba inda za shi baya yana tuƙi da hannu biyu, suka yanke hukunci cewa yaron nan bai iya ruwa ba, Allah ne kawai ya kai shi. Dabbobin tela a rubuce aladu ne, a bakina suka zama awaki, ba wanda ya yi asara. Abin da bai bukaci bayani ko kaɗan ba shi ne sharaɗin tsofaffin. Duk yaron da ke ajin ya san kakar da za ka roƙa abu ta ce to, amma fara ɗebo mini ruwa. Da aka zo nan dariya suke yi tun kafin in faɗa, suna cewa ga ta nan, za ta sa shi aiki.

Bayan nan na sa su bi sawun rigunan jikinsu. Ashe rabin ajin sawun ya ɓace a kasuwa, wurin mai yadi, daga nan sai a ce Kaduna. Kaɗan ne suka iya cewa wance ta kaɗa, wane ya saƙa, a marinar wane aka tsoma. Tun a lokacin abin ya fara janyewa, ni ban lura da saurinsa ba don ina ganin mazari a kowane gida. Littafin ya yi ta yawo hannu hannu har bangonsa ya rabu da cikinsa, wata damina ɗakina ya yi yoyo, gara ta ƙarasa sauran.

Imam ya ba mu abin da ba mai ƙwace mana: Hausa mai daɗi, da dariya, da sanin cewa harshenmu ya isa a buga shi a littafi. Amma idonsa na fada da kasuwa da wayon manya. Abin da ba mu samu ba shi ne mai zama ya dubi yinin yaro ɗan talaka, daga kora awaki da safe zuwa wankan gulbi, ya ga ya isa littafi. Ina tunanin shafukan da za a yi da fadamar Kebbe kaɗai: gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, jajayen tutun ɗorawa suna reto, bado a kan ruwa, shamuwa ta dawo ta sauka a kan kuka ana cewa ruwa ya kusa, yaro a kan gora yana bin ubansa su. Da an zana su da kyau da jikokina sun san bambancin kanya da ɗinya ba sai na yi ta kwatance da hannu ba.

Dalilan rashin ba ɓoyayyu ba ne. Buga launi yana da tsada, littafin yara kuwa rabinsa launi ne. Hukumar NORLA da ta cika Arewa da ƙananan littattafai a zamanin yaƙi da jahilci an rufe ta a 1959, kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966 ya fi dogara da abin da makarantu za su saya. Uba a wurinmu yana sayen littafi ne in malam ya rubuto sunansa, ba don yaro ya kwanta da shi ya ji daɗi ba, aikin jin daɗi an bar wa kaka. Ga kuma taka-tsantsan da hoton mai rai, wanda ya sa mai hannu yakan ɓoye hannunsa. Da matasan Kano suka ɓarke da rubutu a ƙarshen shekarun 1980, soyayya suka rubuta wa samari da 'yan mata, mai zane ya samu bango kawai, ciki ba nasa ba ne. Yara ƙanana aka bar su da littafin aji.

Yanzu hoto ya yi yawa har ya zama shara. Jikokina suna kwance da wayar uwarsu, kyanwa tana bin ɓera, yatsa yana turawa kafin ido ya gama gani. Ba na hana su, in na hana ma kuka za a yi a ce Kaka ya tsufa. Na taɓa tambayar ƙaramar daga ina riga take fitowa, ta dube ni da tausayi ta ce daga leda. Masaƙun Kaduna da suka kashe wa mazari kasuwa su ma sun rufe, yadin yanzu daga Sin yake zuwa, ramukan marina an cike su an yi shaguna a kai.

Ɗan maƙera yana nan da ransa. Maƙera ba ta riƙe shi ba, ya yi shekaru yana zanen bayan manyan motoci masu bin hanyar Sakkwato zuwa Jega: zaki ya danne barewa, mikiya da maciji, dawaki a guje, kewaye da kan zayyanar da malam ya koya masa. Duk wanda ya taɓa bin wata roka a baya yana shan ƙura a hanyar nan, wataƙila ya kalli aikinsa na tsawon mil goma bai sani ba. Kwanan baya na same shi a tashar Tambuwal, ya sa tabarau da aka ɗaure da zare, yana rubuta lamba a jikin wata motar ɗaukar albasa. Ya ce aiki ya ja baya, yanzu kwamfuta ke buga hoto a leda a liƙa, rana ɗaya an gama. Na ba shi labarin Pelle tun daga rago har tela, na ce Sarkin Maƙera, ni in rubuta kai ka zana, mu yi namu da auduga, tun daga gona har mabuga. Ya ajiye buroshi ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini wuri biyu a kan yadda ake wadari.

"Ticha, zane ba wuya. Wa ka biya? Mai mota shina ba ni rabi tun ban buɗe gwangwani ba."

Na ce fansho na nan tafe. Ya yi dariya har da tari, ya ce to shi ma zanen na nan tafe. Mun dai rabu a kan zai fara da shafi uku in an gama girbi, na ba shi kuɗin kwali da launin ruwa. An yi girbi, an kai gero rumbu. Da na aika a tambaya, ya ce a gaya mini ya gama jakin da zai kai audugar kasuwa, saura audugar da mutanen.